Jirgi na Uku

Ranar Alhamis, tsere saura kwana biyu, Gejza Droppa, shugaban ƙungiyarmu, ya tsaya a ƙofar rumfar jiragen ruwa ya ce bana babu tseren jirgin mutum biyu. Haka kawai ya faɗa, kamar mai kanti yana cewa burodi ya ƙare. Ina zaune a benci ina linke rigunan lamba da na wanko wa 'yan tsere. Na ajiye wadda ke hannuna.

"Kamar yaya babu?"

"Jirage biyu kaɗai suka ba da suna, Dorota. Tagwayen gidan Kubala, sai wasu samari daga bayan dutse. Dokar ƙungiya ta ce sai uku sun tashi. Ai kin fi ni sani."

Na sani mana. Shekara talatin ke nan ina alƙalancin ƙofa a bakin kogin Vah. Aikina zama a kan dutse mai sanyi da faifai biyu a cinya, ina kallon sanduna biyu da aka rataya a waya bisa ruwa, daidai inda ya fi hauka. Jirgi ya ratsa tsakaninsu lafiya, in ce tsaf. Wani ya taɓa sanda, ko da gefen hularsa ne, in ɗaga rawayan faifai a ƙara masa sakan biyu. Ya tsallake ƙofar, ko ya ture sanda da gangan, in ɗaga ja. Hamsin ke nan, kuma wanda ya sha hamsin ya gama tsere, sai dai ya je ya nemi abinci. Babu dokar ruwan nan da ban haddace ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, wannan ne karo na ƙarshe. Kwamiti ya riga ya yanke cewa daga bana an rufe tseren mutum biyu, tunda babu yaron da ke koyonsa.

Yo wa zai koya? Kakanninmu masu kai katako ne a kogin nan, su ɗaure gumagumai su hau su gangara kudu. Daga baya aka kawo mana wasan sanduna, muka karɓe shi kamar dama namu ne. Slovakiya ƙaramar ƙasa ce, wani birnin ma ya fi mu jama'a, amma duk wanda ya duba zinaren da muka ciwo a Olamfik zai tarar yawancinsa daga ruwan dutse ya fito, kuma jirgin mutum biyu ne ya kawo kaso mai tsoka. Sai ga wasu manya a ƙasar waje, waɗanda ba na jin sun taɓa jiƙa gwiwa, sun cire shi daga Olamfik don a buɗe wa mata tseren kwale-kwalen mutum ɗaya. Mazan garinmu hannunsu bai kai ga manyan ba, sai suka huce a kan 'yan matanmu. A mashaya ka ji ana cewa 'yan mata sun cinye mana jirgi. Ni abin ya zame mini biyu. Ina baƙin cikin jirgin kamar kowa, ina kuma jin in kwaɗa wa duk mai wannan maganar filafili a ƙeya.

"To ga na uku," na ce.

"Wa?"

"Ni da Medard."

Mazan da ke rumfar suka kwashe da dariya, har da wanda ke kwance ƙarƙashin jirgi yana liƙe tsaga. Gejza bai yi dariya ba. Tare muka tashi, ya san lokacin da nake wasa.

"Dorota, shekarunki nawa?"

"Daidai da naka, mai girma shugaba. Aji ɗaya muka yi, ni ce ma nake ba ka amsar lissafi."

"Tseren maza ne."

"Da can. Yanzu tseren babu kowa ne, kai ka faɗa da bakinka."

Ya matso kusa ya rage murya, wai shi mai lallashi. "Ki yi tunani. Ku uku ne. Ko da rarrafe kuka iso, kun zo na uku, tagulla ke nan. Tagullar ƙarshe ta jirgin mutum biyu a kogin nan. Kin ga bangon can? Hoton ubana na nan, nawa na nan. A ce hoton ƙarshe na kaka ce mai wankin riguna? Ƙasar nan kaf za ta mai da mu abin dariya. Gara a ce ba a yi ba." Ya ƙara da cewa, "In ruwan kike marmari, ki gangara da safe a matsayin mai share hanya. Ba lamba, ba alƙali. Kowa zai tafa miki."

Mai share hanya shi ne wanda ake turawa kafin tsere ya gwada ƙofofi, ba a kiran sunansa, ba a rubuta shi ko'ina. Wannan tayin ne ya ƙarasa ɓata mini rai. Na kwashe rigunan na zuba a kwando ba tare da na gama linkewa ba, na fita.

Yayana Medard ɗan baya ne, mai riƙe da tuƙi. Na gaba kuwa ƙugiya muke ce masa, domin shi ke miƙa filafili ya kamo ruwa ya jawo hancin jirgi cikin ƙofa. Ƙugiyar Medard na wancan zamani mutum ne mai son kwalba, safiya ba ta cika samunsa a tsaye ba. Ni ake tasowa daga barci in durƙusa a gaba a yi atisaye, tun ina shekara sha biyar, kuma Medard ya sha faɗa cewa da ni jirgin ya fi gudu. Da na nemi a ba ni lamba in yi tsere, likitan ƙungiya ya ce durƙuso a jirgi yana lalata mahaifar mace. Suka ce in shiga kayak, inda ake zama a miƙe ƙafa kamar mai wanka a baho. Na ƙi. Na haifi 'ya'ya uku bayan duk wannan durƙuson, likitan kuwa har ya mutu bai zo ya ba ni haƙuri ba. Abin da suka ba ni shi ne faifai biyu da dutsen zama. Ko sau ɗaya lasifikar kogin nan ba ta taɓa kiran sunana cikin 'yan tsere ba, kuma in Asabar ta wuce, shi ke nan har abada.

Na sami Medard a bayan gida wajen amyar zumarsa, da raga a fuska.

"Medo, ina jirgin?"

"Wane jirgin?"

"Guda nawa gare ka?"

Ya ɗaga ragar ya dube ni. "Yana saman ɗakin ciyawa. Kaji na ƙwai a ciki. Me kuma kika jajibo?"

Na gaya masa komai. Ya saurara yana kore zuma daga hannun rigarsa.

"Dorka, kafaɗata ba ta ɗaga kofin shayi sai da roƙo. Ke kuma gwiwarki, a coci ma ba kya durƙusawa, bakin kujera kike ɗosanawa kina yaudarar Ubangiji."

"Ya san dalili."

"Kin ga ruwan bana kuwa? Ƙanƙarar duwatsu duk ta narke lokaci guda. Mu kife, a tsamo mu da igiya, a ce ga tsofaffin banza."

"Sai a ce jirgi na uku bai ƙarasa ba. An dai faɗa."

"Gejza ba zai bari ba."

"Kogin na ubansa ne?"

Medard mutum ne da sai ya tauna magana kamar mai cin ganda kafin ya fito da ita. Can ya ce, "Ke kaɗai ce dai ƙugiyar da ba ta taɓa zo mini a buge ba." Ya sauke ragarsa. "Je ki kori kajin."

Ranar Juma'a muka wanke jirgin, muka liƙe inda ya tsage, muka gwada shi a kwantaccen ruwa ƙasa da gada. Hannu bai manta ba. Da na tsoma filafili sai na ji nasa ya shiga ruwa a bayana daidai lokacin, ba tare da kowa ya ce komai ba. Gwiwa ce ta manta. Da muka dawo gaɓa ƙafafuna sun mutu murus, sai da ya ciro ni kamar buhun dankali ya ajiye a ciyawa. Muna nan zaune yana haki ina zagin gwiwata, sai dariya ta kama mu.

Asabar ta waye da rana mai kyau da ruwa mai launin toka, yana ruri har ba ka jin na kusa da kai. Gari ya fito. An kafa tukunyar gulash, miyar namanmu, a ƙarƙashin bishiyoyi, maza sun fara zagaya 'yar kwalbarsu tun kafin a kira jirgin farko. Na bar wa surukata, matar ɗana, dutsena da faifaina. Rigar lamba kuwa ba sai na roƙi kowa ba, tun Alhamis na riƙe sittin da biyu a gida na ce ta ɓace a wanki.

Gejza ya yarda jiragen nan biyu su gangara bayan an gama sauran tsere, wai don nuni, mutane su yi ban kwana. Muna sauke namu a mafari, ɗaya daga tagwayen Kubala ya leƙo daga jirginsu. Tun suna firamare suke durƙushe a jirgi ɗaya, ga shi sun kai ƙarfi an ce babu wasan.

"Goggo Dorota, da gaske kuke?"

"Na yi maka kama da mai zuwa yawon shan iska? Ku dai ku yi gudu kamar da gaske ne, domin da gaske ne."

Suka tafi. Na bayan dutse suka bi su. Muka matsa bakin layi, Medard ya kama igiya ya riƙe jirgin. Albin mai tayar da jirage, tsoho ne da ya san ni tun ina goyo, ya kalli lambar da ke ƙirjina ya kalli sama. Sai oba-obar da ke wuyansa ta yi ƙara, muryar Gejza ta fito tar.

"Ga dukkan alƙalan ƙofa. Jirgin da ke tafe ba ya cikin tsere. Kada wanda ya ɗaga faifai, kada wanda ya kira komai. Duk wanda ya saɓa ya bar ƙungiya."

"Kin ji, Dorka," in ji Albin. "Ba zan iya ƙirga muku ba."

"Bar shi, Kawu. Mun iya ƙirga."

Agogon tsere dai na lantarki ne, da jirgi ya ratsa haskensa yake tashi, ba ya tambayar ko namiji ne a ciki. Amma lokaci kaɗai ba tsere ba ne. In alƙalan ƙofa ba su ce komai ba, kamar icce ne ya biyo ruwa. Na san wannan sarai, na kuma ce wa Medard ya saki igiyar.

Ruwan ya karɓe mu da mari. Igiyar ruwa ta farko ta hau kan jirgin ta daki ƙirjina, sanyinta ya ɗauke mini numfashi, na buɗe ido na ga ƙofa ta ɗaya tana zuwa. Na miƙa, na kama, na ja. Muka ratsa. Ta biyu tana dama, Medard ya karkato mu kafin ma in yi tunani. Ta uku ja ce, irin wadda ake wucewa a juyo a hauro ta ana fuskantar ruwa. Na cusa filafili a bayan dutse, jirgin ya juya a kansa, na sunkuyar da kai, na ji Medard ya sunkuyar da nasa, muka fita. Dole kawunan biyu su shiga tsakanin sanduna, in ɗaya ya saura a waje an tsallake ƙofa. Namu duka sun shiga.

Na saci kallon gaɓa. Alƙaliyar ƙofar tana kallon takalminta.

Haka muka yi ta tafiya. Duk matan nan na san su. Matan 'yan tsere ne da iyayensu, waɗanda muka yi shekaru muna raba shayin fulas ɗaya cikin ruwan sama, na riƙe wa wasu 'ya'ya a wajen baftisma. Wata ta juya baya tana gyara gyale. Wata ta sa ido a kan oba-obarta kamar yau ta fara ganinta. Surukata a kan dutsena ta rufe baki da hannu tana kuka. Jama'a ma sun yi tsit, ba tafi ba ihu, sun rasa ko abin dariya ne ko na tausayi. Ban ga laifin matan ba, kowacce tana da ɗa ko jika a ƙungiya. Amma abin ya yi mini ciwo fiye da gwiwata.

Abin haushin kuma, gudu muke na gaske. Ba sauri ba, saurin ya tafi da ƙuruciya, amma ko iskar sanda ba mu taɓa ba. Bayan ƙofa ta goma na ji Medard yana ihu a bayana, mutumin da ba ya ɗaga murya ko gobara ake.

"Tsaf muke, Dorka! Kin ji? Tsaf!"

Na ji. A rayuwata sau ɗaya na samu in gangara da lamba a ƙirji, kuma ga shi ina yin gudun da kowane ɗan ruwa ke mafarki, babu mai shaida.

Ƙofa ta sha huɗu ja ce, a kwantaccen ruwa bayan wani ƙaton dutse, kuma a kan dutsen Hedviga Vozar take zama. Duk kwarin nan babu wanda bai san Hedviga ba. Ita ce ta ɗaga wa ɗan cikinta faifai a ranar zaɓen 'yan wasan ƙasa, don igiyar rigarsa ta shafi sanda, abin da babu wanda ya gani sai ita. Sakan biyun nan suka hana shi gurbi. Ya yi shekara bai ci abincin gidanta ba, ita kuwa ta ce ko gobe ya taɓa sai ta ɗaga. Ƙawata ce, amma ban taɓa cewa tana da daɗin zama ba.

Muka faɗa kwantaccen ruwan, jirgin ya juyo, muka fuskanci ƙofar. A irin wannan wuri jirgi kan ɗan tsaya kafin ya hauro, har ka iya haɗa ido da na gaɓa. Na ɗaga kai. Hedviga ta zauna a kan faifanta, ta danne su da cinya, ta harɗe hannuwa. Ba ta kau da kai kamar sauran ba. Kallona take ido cikin ido, bakinta a tsuke.

Ƙofar a buɗe take, ko da ido rufe na ratsa ta. Na ja sau ɗaya, kaina ya shiga tsakanin sanduna. Sai na ɗaga filafili na kai wa sandar dama duka da iya ƙarfina.

Ƙarar ta fi ta ruwa. Sandar ta yi sama ta dawo tana lilo, saura kaɗan ta fasa wa Medard hanci.

"Yesu da Maryamu! Kin haukace ne?"

Ni kuwa Hedviga nake kallo. Na ga fuskarta ta yi ja. Na ga ta ƙara danne hannuwanta. Sannan, kamar wadda zuma ta harba, ta zabura tsaye, ta fizgo faifai daga inda ta zauna, ta ɗaga shi sama iya tsawon hannunta. Ja ne. Ta danna oba-oba ta kwarara ihun da ko ba na'ura an ji shi a gada.

"Lamba sittin da biyu, ƙofa ta sha huɗu, hamsin!"

Hamsin? Ni biyu na zo nema. Amma ruwa ya riga ya fizge mu, babu lokacin gardama. Medard yana ta zazzaga mini masifa a baya, wai shekara arba'in yana neman gudu mai tsabta, ga shi ya samu na zubar da shi a kwata. Muka ratsa ta sha biyar yana faɗa. Sai na ji muryar mace daga gaɓa, siririya, tana rawa: "Sittin da biyu, sha biyar, tsaf." Ta gaba ba ta yi rawa ba. Ta gaba da ita ma tsaye ta miƙe ta faɗa. Daga baya na ji cewa na sama, waɗanda muka riga muka wuce, su ma sun yi ta kira ɗaya bayan ɗaya har oba-oba ta cushe.

A babban gangare na ƙarshe muka kusa kifewa. Kafaɗar Medard ta ƙi, jirgin ya kwanta a gefe, kunnena ya shiga ruwa. Na shimfiɗa filafili a kan kumfa na danna da duk abin da ya rage mini, na ji shi ma ya danna yana nishi, muka miƙe. Ƙofofi biyun ƙarshe ban ma san yadda muka shige su ba. Muka ratsa layi, jirgin cike da ruwa.

Tagwayen Kubala ne suka ciro ni, ɗaya a kowace hammata, suka zaunar da ni a kan akwatin lemo. Jama'a suka kewaye mu. Ƙafafuna ba sa ji, haƙorana na kaɗawa, amma da na hango Hedviga tana gangarowa da faifanta a hannu, sai na ji zafi ya taso mini tun daga ciki.

"Ke! Hamsin ta me? Biyu ce!"

"Hamsin ce."

"Taɓawa na yi!"

"Taɓawa? Dukan da kika yi wa sandar nan ko mijinki marigayi bai sha irinsa ba. Da gangan ne."

"Hamsin ta wanda ya ture sanda ne don ya samu hanya. Ni kaina ya riga ya shige! Me zan nema da hanya?"

"Na Medard bai shige ba. Kin buɗe masa."

"Ni ban roƙi kowa ya buɗe mini ba," in ji Medard, yana riƙe da kafaɗa. "Hancina aka so cirewa."

Har yau ana gardama a garin nan ko dabara na shirya. Masu cewa dabara ce suna ba ni wayon da ba ni da shi. Duka na shirya, wannan gaskiya ne. Abin da ya biyo baya kuwa haushi ne tsagwaronsa. An zalunce ni da sakan arba'in da takwas a tserena na farko, kuma ba zan yi shiru ba.

Gejza ya ratso taron da makirufo a hannu, domin yana cikin shirin raba kyaututtuka ne hayaniya ta taso. Ya zo ne ya ce duk wannan surutun banza ne tunda jirgin ba ya cikin tsere. Na ga maganar a bakinsa. Amma shi ne babban alƙalin ranar, kuma tun muna yara Gejza bai taɓa iya wuce gardamar doka bai tsoma baki ba.

"Yauwa, ga babban alƙali," na ce. "Ina ƙorafi. Ƙofa ta sha huɗu. Biyu ce aka ba ni hamsin."

"Dorota, ki rufa wa kanki asiri."

"Ina ƙorafi, na ce! Ko dokar ce ba ka sani ba? In ka manta in karanta maka, kamar lissafi."

Wani ya yi dariya a baya. Wuyan Gejza ya kumbura.

"Ni za ki koya wa doka? Ina kan gada, da idona na gani! Kika ɗaga filafili kika jibgi sanda kamar mai kakkaɓe katifa, ɗan bayanki bai shiga ba tukuna. Ko a gaban wa aka kai wannan, hamsin ce!" Ya manta makirufon a buɗe yake, muryarsa tana fita ta kowace lasifika har wajen tukunyar gulash. "An duba ƙorafin lamba sittin da biyu, an ƙi shi! Hamsin ta zauna daram!"

Ɗan tsere kaɗai ke da ikon ƙorafi, kuma ƙorafin ɗan tsere kaɗai babban alƙali ke dubawa. Babu yaron da ke bakin kogin nan da bai san haka ba. Ni kaina sai da na ga Medard ya sunkuya yana dariya yana riƙe da kafaɗa sannan na gane abin da ya faru.

Hedviga ta gyara tsayuwa. "Ta zauna a kan wa, shugaba?"

Gejza ya kalli makirufon, ya kashe shi. Zai iya cewa subul da baka ne. Amma sai ya tsaya gaban garin nan ya ce hukuncinsa ba hukunci ba ne, ya kuma ce wa Hedviga Vozar faifanta bai ɗagu ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata haka ya kwana lafiya. Ya zauna a ɗaya akwatin kusa da ni. Kusa-kusa na ga ya tsufa, idonsa ya kaɗa.

"Ba haka na so ya ƙare ba, Dorka," ya ce a hankali. "Rayuwata ce jirgin nan."

"Na sani. Kai ka samu ka yi ta. Ni kallo aka ba ni."

Ya kalli ruwa, sannan ya tashi ya tafi wajen teburin kyaututtuka.

Tagwayen suka ɗauki zinare, na bayan dutse azurfa. Matakin na uku bai kai tsawon bulo biyu ba, amma sai da aka kama ni aka ɗora. Medard ya tsaya a bayana, inda ya saba. 'Yan matan kwale-kwalen mutum ɗaya sun taru a gaba da rigunansu a jiƙe, suna buga filafilai a ƙasa. Hedviga na gefe, fuska a murtuke, ko tafi ba ta yi ba. A jirgin mutum biyu sunan ƙugiya ake fara kira. Gejza ya ɗaga makirufo ya karanta da sauri, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai haɗiye magani.

"Na uku, Dorota Hrebenar da Medard Hrebenar."

Na ji shi sarai. Na ji shi a lasifikar gada, na ji ya dawo daga dutsen ƙetare. Hawaye suka zubo mini, ban kuma share su ba. Na sa hannu a bayan kunne.

"Ban ji ba, shugaba," na ce. "Ruwa ya shiga kunnena. Sake faɗa, da ƙarfi."